Rana Daidai Faɗin Fuska

Marka ta sauka mana a Kano, mun kwana biyu ba mu ga rana da kyau ba, kuma a cikin wannan lumshin ne jikata Rumasa'u take neman shiga jami'a. Komai a waya take yi. Ta ce mini akwai rukunin farko, wanda takardunsa suka cika da wuri shi za a fara dubawa. Tun da na ji haka ban sake samun sukuni ba. In tambaye ta da safe, in sake tambayarta bayan azahar.

"Amarya, kin tabbata komai ya shiga?"

"Tsoho, wallahi ka fi masu jami'ar matsa mini. Saura hoto kawai, shi ma sai na yi kwalliya."

Saura hoto. Ina sunkuyar da kai sai na ga hannuna na dama a kan gwiwa, yatsu uku a lanƙwashe, manuniya a miƙe. Ban san lokacin da na yi haka ba. Hannun ne ya tuna kafin ni.

Shekarar ba zan iya yanke ta ba, kada in yi ƙarya. Na dai san Turawa ba su tafi ba tukuna, amma ana ta maganar tafiyarsu a wurin hirar dattawa. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a gefen Unguwar Gai, ƙasar Kibiya, ni kuma ina ajin ƙarshe a makarantarmu ta Rano. Gab da hutun damina Hedimasta, Malam Datti, ya kira mu mu kaɗan ya ce kwalejin horon malamai za ta ɗauki ɗalibai, kuma za a fara da waɗanda ambulan ɗinsu ya isa da wuri a cike. Abu huɗu ake so a ciki: shaidar Hedimasta, takardar lafiya daga asibiti, yardar uba da hatimin dagaci, sai hoto guda biyu. Shi da kansa zai kai su Kano a tsakiyar damina, kuma ambulan da ya gaza abu ɗaya a gefe ake ajiye shi sai wata shekara.

Da sauran suka fita sai ya tsayar da ni.

"Haladu, ka ga tsawonka kuwa? Bana ce taka. Baɗi in Baturen kwalejin ya ga wannan gemun da ke leƙowa, cewa zai yi ka koma gida ka yi aure."

Dariya ya yi, amma ba wasa yake ba. A lokacin ba mu da takardar haihuwa, da ido ake auna shekarun yaro, ni kuwa na shiga makaranta a makare. In na rasa wannan zuwan, ina jin da karatuna ya tsaya a nan.

Biyu na farko ba su ba ni wahala ba. Hedimasta ya rubuta tasa a ranar. Malamin asibiti ya ƙwanƙwasa mini ƙirji, ya duba harshena, ya ja fatar idona ƙasa, ya sa hannu. A hanyar gida na lanƙwashe ƙaramin yatsa da mai bi masa. Ta ukun ce na ji tsoro, don sai ta bi ta hannun Baba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma Baba bai taɓa kiran sunana ba. Yaran yanzu in na faɗa musu sai su ɗauka ƙiyayya ce. Ba ita ba ce, kunya ce, haka muka tarar ana yi. "Yaron nan" yake ce mini, ko "wancan". In na durƙusa na gaishe shi, zai amsa yana kallon bango ko bakin fartanya. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni kuwa ban tuna ranar da muka haɗa ido ba. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin Kaka take bi, mahaifiyarsa, wadda a ɗakinta na tashi. Ita kuma ba ta san kunyata ba ko kaɗan. "Maigida" take kirana, tana ce mini mijin da bai taɓa kawo cefane ba.

Ita na ba takardar. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta soke ta a bakin zane. Bayan 'yan kwanaki na tarar da ita a kan gadona, da shatin babban yatsan Baba da hatimin dagaci a ƙasa. Na lanƙwashe na uku.

Hedimasta ya ba ni wani tsohon gwangwanin alewa mai murfi, a ciki na zuba takardun, Kaka ta ɗora shi a ragaya saboda gara. Kullum sai na sauke shi na buɗe, na ƙirga, na rufe. Wani lokaci ina kaiwa bakin ƙofa sai in ji kamar ban ƙirga daidai ba, in dawo. A gona ma haka, ina riƙe da ƙotar fartanya manuniya tana miƙe.

"Maigida, wa kake nuna mana ne tun safe?" in ji Kaka. "In bazawara ka gano, faɗa mini in je in gan ta."

Saura hoto. Kuma a duk ƙasar Rano da Kibiya, iyakar sanina, babu mai hoto. Abokan nawa masu dangi a birni can suka je aka ɗauke su. Ni sai dai in jira wani mai akwati da kan zagayo kasuwar Rano jefi-jefi.

Daminar ta fara da kyau. Ruwan shuka ya sauka da wuri, muka shuka gero da dawa, tsiro ya fito kore shar har ana cewa bana sai godiya. Sai ruwa ya ɗauke. Da farko ba wanda ya damu, an saba da ɗan fari. Amma sama ta wanke tas, ta zauna a haka. Rana tana fitowa da zafinta tun hantsi, ƙasa ta yi tauri har fartanya tana ƙara in ta sare ta. Ganyen gero ya nannaɗe ya koma kamar tsinke. Da yamma hadari yakan taso daga gabas, mu tsaya muna kallonsa, iska ta zo ta kwashe shi ta yi kudu da shi.

Rumbunmu kuwa ya yi ƙasa. Na san haka ne don Inna, mahaifiyata, ta daina aiken ƙannena su ɗebo, ita take shiga da kanta, kuma sai ta daɗe a ciki. Tuwon rana aka fara janyewa. Daga baya na dare ma ya koma fate-fate, ruwa ya fi tsaki yawa. Mata suka bazama bakin fadama neman tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri kawai. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai in tuna daminar nan. Akwai wata irin yunwa da ba ta ciwo, sai dai ta sa in ka miƙe daga sunkuyo ka ga gona ta yi duhu, ka tsaya ka dafa ƙota har ta washe.

Gidanmu mun san abin da irin wannan lokacin yake yi wa yara. Biyu daga cikin waɗanda suka biyo ni a damina suka tafi, a shekaru daban-daban, Baba da hannunsa ya kai su. Shekarar nan kuma autarmu Ladidi ta fara zama shiru a gindin turmi, ba ta wasa. Na sha ganin Baba ya tura mata akushinsa ya ce ya ƙoshi.

Aka fita roƙon ruwa. Gari duka, da tsofaffi da yara, har da Fulanin da ke zaune a bayan gonakinmu, shanunsu sun rame ƙashin baya a waje. Muka juya rigunanmu bai-bai, liman ya yi sallah, ya ɗaga hannu yana kuka. Ni ma na roƙa, kuma da gaske na roƙa. Duk wannan ranar da ake ta zubawa a banza, mai hoto bai zo ba, don ba mai ɗaukar hoto da yunwa. Saƙon da ya iso shi ne zai zo kasuwar ƙarshe kafin tafiyar Hedimasta.

Ruwan ya dawo wata rana bayan azahar. Ba iska, ba gargaɗi sosai. Gabas ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, tsuntsaye suka yi tsit, sai muka ji shi yana tahowa ta cikin gonaki da ƙara kamar garken shanu a guje. Ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa. Ba wanda ya gudu. Maza suka tsaya a cikin kunyoyin gona ruwa yana dukansu, wani tsoho maƙwabcinmu ya cire hula ya tara ta sama yana dariya. Kwana kaɗan bayan nan geron da muka ɗauka ya mutu ya warware ganyensa ya miƙe. Na yi karatu daga baya, an koya mini yadda tsiro yake jure fari, amma ban daina mamakin abin da na gani a gonar nan ba.

To, da ya dawo bai sake tafiya ba. Marka ta kafa. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai naci, ya kwana ya wuni, ya ɗan tsagaita ya dawo. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, fara-fara, ba ka sanin hantsi daga la'asar sai da kiran sallah. Itace ya ƙi kamawa, Inna tana hura wuta tana hawaye. Tufafi ba sa bushewa, tabarma tana warin gumi da ƙasa. Katangar bayan gidanmu ta jiƙe ta zauna. Ciyawa kuwa ta taso kamar ana jan ta da igiya, in ka nome gona ka juya baya sai ka ga ta sake rufewa. Aka shiga gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, a jeru a sunkuya, mai ganga yana bin bayanmu da gangarsa a ƙarƙashin riga don kada fatar ta saki. Abincin gayya a shekarar kunu ne tsararo, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa, ba mai ƙorafi. Aiki ya ƙaru, abinci bai ƙaru ba, amma fuskokin mutane sun saki. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce, "Ya ruwa?" a amsa, "Ruwa ya yi gyara."

Ni kaɗai nake amsawa da rabin baki. An gaya mini akwatin mai hoto ba ya aiki sai da rana.

Abin ya dame ni ƙwarai. Ni da na juya rigata na roƙi ruwa, ga shi an ba mu, Ladidi ma ta fara tashi tana bin kaji, yanzu kuma in koma in roƙi rana? In aka amsa mini, fari ya dawo fa? Na san ba addu'ar yaro ɗaya ce ke juya sama ba, amma sanin bai hana ni tsoro ba. Sai in ɗaga hannu bayan sallah in rasa abin da zan ce, in shafa haka nan. Daga ƙarshe na faɗa wa Kaka, tana tsinke rama a bakin ƙofa.

Ta dube ni ta kwashe da dariya har da tari.

"Kai dai Allah ya yi matsoraci. Wa ya ce ka roƙa wa gari? Fuskar taka guda nawa ce? Ka roƙi rana daidai faɗin fuskarka, sauran ka bar wa manoma ruwansu."

Haka na yi. Ban sani ba ko malamai za su yarda da irin wannan roƙon, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ana gobe kasuwa, da yamma, Baba ya tsaya a tsakar gida yana juya garmarsa, ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki.

"Iya, bakin garmar nan ya cinye. Gobe zan kai ta maƙera a Rano." Ya shafa bakin garmar da yatsa. "In da mai zuwa, ya fito da wuri. Rafi ya kawo."

Akwai maƙeri a ƙauyenmu, gidansa ma ana hango shi daga namu. Kuma washegarin ita ce ranar da ya sa zai nome gonarsa ta dawa, wadda ciyawa ta fara cinyewa. Kaka ta dafa mana ɗan rogo ta ƙulle a ganye.

Bayan asuba muka kama hanya, shi a gaba da garma a kafaɗa, ni a baya da gwangwanina da farar rigar makaranta a naɗe cikin buhu. Yayyafi yana sauka, laka tana kama ƙafa. Tafiya ce mai nisa, kuma ba mu yi magana ba. Da muka iso rafin da ke tsakaninmu da Rano, wanda da rani yara ke tsallake shi da gudu, sai na tarar da wani abu daban: jan ruwa mai faɗi yana tafe da rassan itace yana juya su. Baba ya tsaya ya dube shi. Ya tuɓe riga ya naɗa a ka, ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na ɗan daɗe kafin na gane gwangwanin yake so. Ya ɗora shi a kan rigar, ya ɗaure da rawaninsa ta ƙarƙashin haɓa. Sannan ya miƙo mini ƙotar garma, shi ya riƙe ɗaya ɓangaren. Ruwan ya kai mini ƙirji, sanyinsa ya ɗauke mini numfashi, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Sau ɗaya na tafi gaba ɗaya, na ji an fizgo ƙotar da ƙarfin da ban san yana da shi ba a wannan yunwar. Ko a nan bai waiwayo ba. Gwangwanin dai yana bisa kansa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Kasuwar ba ta cika ba. Mai hoton yana rakuɓe a wata rumfa, Baba Lasisi ake ce masa, Bayarabe ne da ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi tamu santsi. Akwatin nasa na katako ne mai ƙafa uku, da ido ɗaya a gaba da wani baƙin hannun riga a jikinsa, ya lulluɓe shi da tabarma kamar mara lafiya. Na gaishe shi na ce, "Baba, za a yi kuwa?"

"Tambayi sama, ɗana. Ni barantaka nake yi wa rana, ita ce uwar ɗakina. In ba ta fito ba, ni da kai duk 'yan kallo ne."

Ya nuna mini hoton da ya gwada da safe a kan wani ɗan tireda: wani abu kamar hayaƙi da kunnuwa biyu.

"Ka kai wa Bature wannan, ya ce aljani ne yake neman makaranta."

Na sa farar rigata na zauna a gefensa. Baba ya wuce rumfar maƙera, ya zauna ya ba mu rabin baya. Azahar ta yi, ta wuce. Na ci rogona, na ga an ajiye wani a kan dutse kusa da ni, na san na wane ne. Ina ta shafa kaina, don saboda aikin gayya ban samu zuwa wurin wanzami ba, suma ta taru, ga ɗan gemun nan da Hedimasta ya yi magana. La'asar ta yi. Mata masu nono suka fara ɗaura ƙwarya, masu rumfa suna naɗe tabarmi. Baba Lasisi ya dube ni, ya kawar da kai, ya fara zuba kwalabensa a jaka.

Sai yayyafin ya tsaya.

Abin da ya biyo baya na sha ba da labarinsa, kuma kullum ina tsoron kada in ƙara masa gishiri. Can yamma gajimare ya tsage, ba da yawa ba, kamar an yaga bakin zane. Haske ya zubo ta wurin, a tsaye kamar ginshiƙi, ya sauka a kan duwatsun Rano. Duwatsun suna jiƙe, suka ɗauki ƙyalli kamar an shafe su da mai. Sannan hasken ya taso, muna kallonsa, ya bi ta kan gonaki, duk inda ya taɓa koren ya kama kamar wuta, ya hau rumfunan bakin kasuwa, ya nufo mu. Kasuwa ta yi tsit. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ikon Allah."

"Zauna! Zauna!" Baba Lasisi ya yi wurgi da tabarma. "Cire hula! Ɗaga haɓa! Kada ka yi numfashi, in ka mutu ma ka mutu a zaune!"

Zafin rana ya sauka a fuskata. Ya cire murfin idon akwatin, ya yi 'yar ƙirga da yarensu, ya mayar. Ya zura hannu cikin baƙin hannun rigar, ya manna idonsa a wani ɗan rami yana motsa wani abu a ciki. Kafin ya gama, hasken ya wuce mu ya yi gabas. Ya zaro 'yar takarda tana ɗiga, ya ɗauraye ta a bokiti. Na miƙa hannu.

"Tsaya, wannan rabin aiki ne. Sai na sake ɗaukar wannan ɗin kansa, shi ma kuma sai da rana."

Na janye hannuna. Shi kuwa yana neman inda zai ajiye takardar ya gyara wani ɗan allo da ke gaban akwatin, sai ya miƙa wa wanda ya fi kusa da shi. "Malam, riƙe mini ta gefe-gefe." Ashe Baba ne. Ban ga tasowarsa ba.

Ya riƙe ta da yatsu biyu, nesa da jikinsa. Sannan ya matso da ita. Daga inda nake ina hango ta: riga baƙa, fuska fari fat, suma fara sol, gira fara, ɗan gemun nan ma fari.

"Wannan wane ne?" in ji Baba.

"Ɗanka mana, Malam."

"A'a. Wannan dattijo ne."

"Haka akwatin yake fara fito da mutum, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Bari rana ta leƙo in juya maka shi ya dawo yaro."

Baba ya ƙara matso da ita. Kallon takardar yake yi, tun daga sumar har haɓa, a hankali, ya koma sama ya sake saukowa. Ban taɓa ganin ya kalli wani abu haka ba, balle ni. Ni kuma, da yake ba ni yake kallo ba, sai na samu damar kallonsa. Ran nan na fara sanin akwai ɗan tabo a gefen idonsa na hagu.

"Har gira," ya ce, can ƙasa. "Ashe zai kai."

Baba mutum ne mai karatu gwargwado, ba na jin ya ɗauka akwatin katako ya san gaibu. Ban kuma taɓa tambayarsa abin da yake nufi ba, ba a yin haka. Amma mutumin da ya binne biyu, ya kwana yana sauraren numfashin ta uku, an miƙa masa ɗansa na fari da furfura a hannu. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Hasken ya dawo, siriri, bai kai na farko ba, iyakarsa rumfarmu da ta kusa da ita. Baba Lasisi ya karɓe takardar ya manna a allon, ya buɗe ido ya rufe, ya canza wata a ciki, ya sake buɗewa ya rufe. Yana mayar da murfin na biyu ɗigon farko ya faɗo a kan akwatin.

Hotuna biyu suka fito, ƙanana, yaro baƙi mai zare ido kamar an kama shi a gonar wani. A gefen wutar maƙera muka busar da su. Na biya da ƙwan zabin da Kaka ta tara mini, Baba Lasisi ya girgiza kowanne a kunne kafin ya karɓa. Ya ɗauki takardar farkon nan zai jefa a bokiti, sai Baba ya ce, "Dattijon fa?"

"Wannan? Ya gama aikinsa."

"Ba ni shi. Shi ai ba makaranta za shi ba. Ya zauna tare da mu."

Ya busar da shi da kansa, ya sa a cikin hula, ya mayar da hular kansa.

A zaure muka samu Hedimasta. Ya baje takardun a tabarma, ya taɓa kowacce da yatsa, ya zuba a ambulan ya ce, "Ya cika." Na roƙe shi ya sake dubawa. Ya sake. Da na buɗe baki karo na uku sai ya ce, "Haladu, in na bar ka sai ka bi ambulan ɗin nan har Kano ka tsare ƙofar ofis." Ya lashi bakin ambulan ya manne. Na lanƙwashe manuniya. Har ta yi tsami.

A zaurensa muka kwana, washegari muka koma cikin ruwa. Da Kaka ta ga dattijon sai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Yauwa, yanzu na yi miji daidai ni!" Marka ta ci gaba har gero ya fitar da kai. Lokacin da muka fara gasa tumu, Ladidi tana ci tana ƙona baki, a makon ne saƙo ya zo an kira ni.

Dattijon ya zauna a gafakar Baba. Kaka ta ce yakan fito da shi ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci, ya ɗan duba ya mayar. Baba ya rasu ina jami'a, ko silin fari ɗaya babu a kaina. Har ya tafi bai kira sunana ba. Takardar kuwa ta yi ta dushewa, ta koma ruwan ƙasa, daga baya ban san inda ta shiga ba.

Jiya da hantsi Rumasa'u ta gama kwalliyarta, ta tsaya jikin farin bango, ta ɗauki kanta da kanta, ba ta ko leƙa sama ba. Ta danna, ta nuna mini wani ɗan koren alama ta ce, "Ga shi, ya cika. Sai ka bar ni in huta." Na ce ta sake dubawa. Ta harare ni, ta juyo da wayar ta ɗauke ni ba shiri, ba hula.

"Dubi angon nawa. Wallahi ka tsufa, Tsoho."

Na karɓa na riƙe ta gefe-gefe. Suma fara sol, gemu fari, har gira.

"Shi ne," na ce.

"Shi ne wa?"

"Wani dattijo ne. Babana ya riga ki ganinsa."